Zoben da Haladu Ya Bari a Buɗe

Duk wanda ya sha ruwa tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar a shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa sha daga ramin da Haladu ya haƙa ba. Rijiya ashirin da bakwai ya gina da hannunsa, ban da waɗanda ya yashe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma ba ya doguwar gaisuwa. In ka tambaye shi ko za a sami ruwa a wuri kaza, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Sai ya ce a kawo igiya.

Maraya ne. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, uban ya bi ta kafin damina biyu, sai wan uwarsa, Kawu Ɗantsoho, ya ɗauko shi a kan jaki ya kawo shi ƙauyensu, gabas da Ɗanzomo. Kawu manomi ne mai zafin nema, gonarsa ta miƙe har bakin burtalin da shanu ke bi zuwa tafki. Shi ya ciyar da Haladu, shi ya sa shi a makaranta har ya iya haɗa baƙi, shi ya kai shi Gumel wurin wani maginin rijiya ya koyi sana'a. Shi ya nema masa auren Safara'u, kuma 'yar gonar da suke ci daga cikinta aron Kawu ce. Duk gari ya san wannan, Kawu kuwa ba ya bari a manta.

Karatun Haladu na bin baƙi da yatsa ne kawai. Bai san abin da ayoyin ke cewa ba, kuma ya shekara talatin abin bai dame shi ba. A ranin 1971 ne, a Gagarawa Tasha, yana gaba goma sha ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, gefen rijiya ya zabtaro masa, ƙafar ta karye wuri biyu. Gidan da ya fi kusa shi ne na Malam Ɗantala, can aka kai shi. Mai ɗori ya zo ya yi aikinsa, ya ce kada a motsa shi. Wata huɗu ya yi kwance a zauren malamin.

A zauren nan Malam Ɗantala ke fassara wa magidanta Alƙur'ani kullum bayan la'asar. Mai karaya ba ya tashi ya ba mutane wuri, don haka Haladu ya ji karatun tun daga inda ya same su, ko yana so ko ba ya so. Da farko barci yake yi. Daga baya ya fara saurare, daga nan kuma ya fara jin haushi. Yana kwance yana ganin mutum ya gyaɗa kai ya ce na'am, na'am, a kan ayar da ta hana cin naman mutane, kafin ya gama sa takalmi a bakin ƙofa ya ɗauko zancen maƙwabcinsa.

Wata rana da zaure ya watse, sai ya tambayi malamin ya ce, mutumin da ya haƙa gaba goma bai kai ruwa ba, me ya gina? Malam Ɗantala ya yi dariya ya ce rami.

"To, Allah gafarta malam, mu nan duk rami muke haƙawa."

Malamin bai ji haushi ba. Ya ce, "Sarkin rami, ai kai ne gwani. In ka miƙe sai ka nuna mana yadda ake kaiwa."

Da ya miƙe, fitarsa ta farko kasuwar Maigatari ya nufa, ya dawo da Alƙur'ani bugun Kano, irin falle-fallen nan da ba a ɗinke ba, a cikin gafaka ta jar fata. Ya koma Gagarawa ya nemi izinin malamin zai riƙa sa alama. Malam Ɗantala ya gindaya masa sharaɗi biyu: kada tawadarsa ta taɓa baƙi, kada kuma alamarsa ta yi kama da wasali ko alamar izu har wani ya ɗauka cikin karatu take. Gefen takarda ne nasa, can baki-baki, inda babu komai.

Tawadar ma tasa ce shi kaɗai. Akwai wata jar ƙasa mai laushi da ake tararwa wajen gaba tara a rijiyoyin yankin. Ita yake ɗebowa a ƙullin tsumma, a shanya, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ƙaro. In ta bushe a takarda sai ta yi duhu kamar tsohuwar tukunya, ba wanda zai haɗa ta da jan tawadar malamai. Alƙalami kuwa na karan gamba ne, ya feƙe shi da kauri, don yatsunsa ba na rubutu ba ne.

Alamomin nasa daga bakin rijiya ya ɗauko su. In ya ji ma'anar aya daga bakin malam, sai ya ɗiga ɗigo ɗaya a gefenta. Wannan sunansa sara, wato an fara haƙa. In ya koma gida ya faɗa wa Safara'u ma'anar da Hausa, ta gane ba tare da ta ce yaya ba, sai ya zagaye ɗigon da rabin zobe. Wannan danshi ne. Ba ya rufe zoben sai ranar da ya aikata abin da ayar ta ce, da hannunsa ko ƙafarsa ko bakinsa. Wannan shi ne ruwa. Ayoyin labarin annabawa da na abin da ido bai gani ba, ɗan gajeren layi kawai yake ja musu, ma'anarsa ya ji ya yarda, babu aikin da zai yi a nan.

Ayar da ta hana shiga gidan mutane ba sallama ta ci masa rani guda, don magina rijiya sun saba faɗawa gida kai tsaye da igiya a kafaɗa. Ta haƙƙin maƙwabci ya rufe ta ranar da ya yashe wa Iya Yelwa rijiyarta, tsohuwar da ba ta da kowa, bai karɓi ko kunu ba. Ayar haɗiye fushi kuwa ya rufe ta da wuri, yana jin daɗin kansa, sati biyu bayan nan wani ma'aikacinsa ya saki dagi daga sama ya wuce ta gefen kunnensa, ya fito ya wanke shi da mari. Tawadar ƙaro ba ta gogewa. Sai ya ja wa zoben 'yar wutsiya, ya ce wannan rijiyar ta rufta, sai an sake yasa. In ka duba fallen yau za ka ga wutsiya uku.

Safara'u ba ta wuce surorin salla ba, amma alamomin mijinta tana karanta su sarai. Ita ke daka ƙasar, ita ke jin fassarar, ita ke cewa ba ta gane ba a sake. In ya dawo daga aiki ya wanke hannu ya buɗe gafaka, sai ta leƙo daga bakin murhu ta ce, "Malam, yau an kai ruwa ko muna nan a danshi?" Wani matashin malami da ya zo tafsirin azumi a Ɗanzomo ya taɓa ganin littafin, ya ce an ɓata takarda da zane-zane. Haladu ya mayar da fallayen cikin gafaka ya ɗaure, ya ce masa gaskiya ne, takardar malam ta fi tsabta.

Akwai falle ɗaya a Suratun Nisa'i da gefensa ya fi na sauran dauɗa. A nan ayar take wadda ta ce mutum ya tsaya a kan gaskiya in zai ba da shaida, ko da a kan kansa ne, ko iyayensa, ko danginsa. Ranar da Malam Ɗantala ya fassara ta, Haladu ya ɗiga ɗigo. Ranar da ya iso gida ya ja rabin zobe, don Safara'u ta gane tun kafin ya rufe baki. Daga nan zoben ya tsaya a buɗe shekara uku.

Ga dalili. Yana ɗan shekara goma sha tara, wata safiya a farkon damina, Kawu ya kai shi bakin burtali ya sa shi ya tuge layin gambar da ke kan iyaka, ya sake dasa shi taku takwas a cikin hanyar shanu. A kusurwar tsohuwar iyakar akwai rabin dutsen niƙa da dattawan da suka shata burtalin suka kafa. Kawu ya ce ya ciro shi ya jefa a tafki, shi kuma ya tafi gida. Dutsen da nauyi, tafki da nisa. Haladu ya haƙa rami a gindinsa har ya kai masa ƙirji, ya tura dutsen ciki, ya mayar da ƙasa. A lokacin ciyawa ta wadata, daji da faɗi, Fulani suka yi gunaguni suka bari. Shekara ashirin da biyar ba wanda ya tambaye shi. Da wannan yake lallashin kansa duk lokacin da ya zo kan fallen: shaida sai an nema, shi kuwa ba a nema ba.

Sai farin 1973 ya zo. Ba sai an ba mutanen ƙasar Gumel labarinsa ba. Haladu ya ƙara wa rijiyoyi zurfi har hannunsa ya daina jin igiya. Cikin waɗanda abin ya fi taɓawa akwai Cindo, Bafulatanin da rugarsu ke arewa da gari tun zamanin kakansa. Sa'an Haladu ne, kuma bijiminsa ne ke jan gugar ƙasa in rijiya ta yi zurfi. In sun haɗu Cindo ya kira shi Kaɗon rami, shi kuma ya kira shi mai bin wutsiya. Shanu arba'in da 'yan kai Cindo ke da su kafin fari. Biyar suka rage, cikinsu ɗaya ce tak ake tatsa, kuma nononta ne gidan ke kaiwa kasuwa a samo hatsi.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya dawo, gero ya yi kyau. Wata safiya shanun Cindo suna bin burtali zuwa tafki, a daidai inda hanyar ta matse, suka faɗa geron Kawu suka ci kunya huɗu. Kawu ya kai ƙara gun dagaci, ya ce ba ya karɓar komai sai saniyar nan mai nono. Cindo ya ce inda shanunsa suka ci ba gona ba ce, burtali ne, ubansa ya nuna masa tun yana ƙarami. Aka ce ya kawo shaida. Dattawan da suka san wurin sun mutu, waɗanda suka rage kuma ba mai son ya ja da Ɗantsoho. Dagaci ya sa ranar Litinin da hantsi, a tsaya a wurin a gani.

Ranar Asabar Kawu ya zo gidan Haladu da kansa, abin da ba ya yi. Ya zauna a kan tabarma, ya sha ruwa, ya tambayi ƙafa. Ya ɗauko labarin jakin da ya kawo Haladu a kansa, yadda jakin ya ƙi tsallake wani kwari, suka yi dariya. Sa'an nan ya ce ranar Litinin yana son ya zo ya tsaya kusa da shi. Tun yana yaro yake noman gonar nan, maganarsa za a ji. Abin da zai faɗa kawai, gambar tun da ya buɗe ido a nan ya gan ta, shi ke nan.

Haladu ya ce, "To, Kawu." Ya raka shi har bakin hanya.

Da ya dawo ya tarar da Safara'u tana tankaɗe jar ƙasa a faifai. Ta kwaɓa, ta zuba a 'yar kwalbar, ta ajiye kusa da gafaka.

"Na ce ki haɗa tawada?"

"Ba ka ce ba. Gani na yi ta bushe. In ba a bukata sai in shafe bangon ɗaki da ita."

Ya ce mata ko ta san abin da take tsokanowa. Gonar da suke ci ta Kawu ce, kuma ita kanta in sun saɓa, wurin wa take kai ƙara in ba Kawu ba? Ta ce ta sani, ta fi shi sani ma, don ita ke auna hatsin gidan. Ta ɗauki faifanta ta kaɗe.

"Ni dai shekara uku ina ganin fallen nan yana baƙi da yatsanka. Ko ka rufe, ko ka daina buɗe mini shi."

Ranar Lahadi bayan azahar ya je gidan Kawu. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Ya roƙe shi ya janye ƙarar, ya bar wa Cindo saniyarsa. In an yi girbi shi Haladu zai mayar da gambar inda take a hankali, ba wanda zai ji, ba wanda zai kunyata. Ya ce in kuwa aka tsaya gobe aka tambaye shi, ba zai iya faɗin abin da aka ce ya faɗa ba.

Kawu ya dube shi. Ya ce ashe yanzu Malam Haladu ake kira. Ya ce littafin da aka sayo shekaranjiya a Maigatari shi zai shiga tsakaninsa da yaron da ya share wa majina? Ya ce ya tashi ya tafi, gobe ya zo da wuri, kuma ya sa rigar kirki. Bai yarda ko kaɗan Haladu zai iya saɓa masa ba. Kusan shekara arba'in yana cewa yi, ana yi.

Litinin da hantsi mutane suka taru a bakin burtali. Dagaci na zaune a kan buzu a inuwar aduwa. Cindo na tsaye gefe da sandarsa a wuya, ya zo da saniyar kamar yadda aka umarce shi, tana cizgar ciyawa. Haladu ya iso a rigar aiki, da dagi da 'yar gajeriyar fartanyarsa ta cikin rami. Bai zo da gafaka ba.

Kawu ya yi bayaninsa, Cindo ya yi nasa. Dagaci ya ce Haladu ya faɗi abin da ya sani.

"Ranka ya daɗe, bakina ba ya gyara magana. A ba ni izini in haƙa."

Dagaci ya ce ya haƙa. Haladu ya tsaya a gindin gamba, ya juya wa burtali baya, ya shiga cikin geron kawunsa taku takwas. Ya waiwaya ya daidaita kansa da aduwar, ya sa fartanya. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Babu komai sai rairayi. Aka fara 'yan dariya. Kawu ya ce a bar shi, ruwa yake nema musu, ai kowa da abin da ya iya.

Haladu bai ɗago ba. Ya tsuguna a cikin ramin yana shafa bangonsa da tafin hannu. Ƙasar da ba a taɓa haƙawa ba a jere take, fara a sama, ja a ƙasa, kowace a mazauninta. Wadda aka haƙa aka mayar kuwa ko ta shekara nawa a cakuɗe take zama. A bangon gabas ya ga inda fara ta kutsa cikin ja, faɗin hannu biyu. Ya juya dagi can. Sara na huɗu ƙarfe ya yi ƙara a kan dutse.

A wannan ƙasar ta rairayi ba a tsintar dutse a banza. Dariya ta tsaya. Mutum uku suka kama aka fito da shi da igiya, rabin dutsen niƙa, da kwarminsa. Wani tsoho mai suna Ya'u ya matso ya duba, ya ce ai ɗan'uwansa na can a ƙarshen burtali wajen tafki, wanda makiyaya ke zama a kai. Dagaci ya sa aka ɗauki wannan a kan jaki, jama'a suka bi. Aka haɗa bakin biyu, suka zauna daram.

Da aka dawo inuwar aduwa, Haladu ya ce shi ya tura dutsen ƙasa, shi ya tuge gambar ya matsar da ita, yana ɗan shekara goma sha tara. Dagaci ya tambaye shi wa ya sa shi.

Da ya ce ƙuruciya ce, da an karɓa. Kowa a wurin so yake ya ce haka, har dagacin, don a tashi ba a tozarta dattijo ba. Cindo ya riga ya tsira da saniyarsa. Haladu ya dubi hannunsa, duk jar ƙasa. Ya san irin wannan tsayawar a danshi, ya sha ganinta a gefen takarda.

"Kawu ne ya sa ni, ranka ya daɗe."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi kowa ba. Dagaci ya yanke cewa saniya ta koma ruga, Ɗantsoho ya girbe abin da ya shuka bana, daga nan iyaka ta koma kan dutse. Kawu ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba. Cindo ya ja saniyarsa ya biyo ta kusa da Haladu, ya ce ashe Kaɗon rami yana da wani amfani ban da ɓata wa mutane ƙasa. Haladu ya ce ya ja wutsiyarsa ya ba shi wuri, yana da ramin da zai cike.

Da ya koma gida Safara'u ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta tura masa kwalbar tawada. Ya ture ta gefe. Ya ce gambar tana nan inda ya dasa ta, magana kawai aka yi yau.

Bayan girbi Kawu ya aiko a faɗa wa Haladu ya karɓe gonarsa. Ba wanda ya yi mamaki. Ranin nan Haladu ya karɓi aikin rijiya har cikin ƙauyukan Maigatari na bakin iyaka, wuraren da a da yake cewa sun yi wa ƙafarsa nisa. Safara'u ta fara ƙuli-ƙuli. Tuwon gidan ya ragu, ba a dai kwana da yunwa ba.

Da ruwan farko ya sauka a 1975, ya ɗauki fartanya ya tafi burtali shi kaɗai. Kwana biyu yana tuge gamba gindi-gindi yana mayar da ita taku takwas baya. Ya kafa dutsen a kusurwarsa, ya bar kansa a waje yadda makaho ma zai yi tuntuɓe da shi. A rana ta biyu da la'asar ya dawo, ya yi wanka, ya yi alwala, ya zaro fallen. Tawadar ta daɗe da bushewa, sai da Safara'u ta ɗiga mata ruwa. Ya rufe zoben. Don gajiya zoben ya fito a karkace, ya bar shi haka.

Kawu kuwa ya daina amsa gaisuwarsa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci Haladu sai ya je zaurensa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu ya ci gaba da jan carbi kamar ba kowa. Haladu ya ɗan zauna, ya ce a tashi lafiya, ya tafi. A gefen wata ayar zumunci ya buɗe sabon zobe, kuma duk Juma'ar da ya je sai ya ja ɗan layi ƙarami a ƙarƙashinsa. Layukan suka gangara gefen takardar har ƙasa, suka juya suka bi gindinta. Malam Ɗantala ya gani wata rana ya tambaye shi wannan kuma wace alama ce. Ya ce igiya ce, ana ta saki ba a taɓa ƙasa ba tukuna.

A ranin 1977 A'i, matar ɗan Kawu, ta shigo gidan da safe ta gaida Safara'u, ta ce rijiyar gidansu ta koma laka, kwana uku suna roƙon ruwa a maƙwabta. Ba ta ce an aiko ta ba. A garin akwai wasu masu yasa har biyu, kuma duk sun fi Haladu ƙuruciya. Ya ɗauki igiyarsa.

Ya shiga tun hantsi, bai fito ba sai bayan azahar. Da ya fito ya tarar da ƙwaryar fura a rufe da faifai a bakin rijiyar. Kawu na zaune a ƙofar ɗakinsa, ya tsufa ƙwarai, yana kallon wani wuri dabam. Haladu ya sha furar, ya naɗe igiya, ya je ya durƙusa ya ce ruwa zai kwanta zuwa gobe, kada a ja yau.

"Ƙafar fa?" in ji Kawu.

"Da sauƙi, Kawu."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Gonar ba ta dawo ba, Haladu kuma bai tambaya ba. Da ya isa gida Safara'u ta ce to yau fa, a kawo tawada? Ya ce a'a, danshi ne, amma mai kyau. Juma'a ta zagayo ya koma zauren, ya ja wani layin.

Yanzu yana gab da hamsin, ƙafar na damunsa in an yi sanyi, kuma ya ce rijiya uku suka rage masa ya bar shiga rami. Wanda ya buɗe gafakarsa zai ga zoben da ke buɗe sun ninka rufaffun sau da yawa, abin kuma ba ya tayar masa da hankali. Satin da ya wuce aka gan shi a hanyar Sule Tankarkar da sassafe, igiya a kafaɗar dama, gafaka a ta hagu, Cindo na biye da shi da sabon bijimi, suna tafe suna zagin juna.